Rasuwar Katin Hanya Mai Uba Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake takaici ya fi baƙin cikin yawa a cikinta, ni Hure, matar marigayi Malam Basiru, ta Gidan Buwai da ke arewa da Ungogo, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar katin hanyata. Ya cika ne wata ranar Alhamis da hantsi, a gaban na'urar shingen masu tare hanya da ganga, bayan jinyar wata huɗu. Ya rasu yana da shekara ɗaya da wata bakwai, in ban yi kuskure ba, don ban rubuta ba, da damina nake lissafi. Na jinkirta wannan sanarwa mako shida saboda ina sa ran za a tashe shi. Ba a tashe shi ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai kai kayan matan unguwarmu kasuwar Dawanau. Kowace mace tana da ɗan abin da ta samu a gayaunarta, wake ko riɗi ko zoɓo. Sai ta ƙulle a buhu, ta ɗaura tsumma mai launi a baki don a gane nata. Duk Alhamis in hau a-kori-kurar Dogo in kai, in sayar, in kawo wa kowa nata, su ba ni lada. Da wannan nake ciyar da marayu huɗu tun da mahaifinsu ya rasu. Ba ni da shago, ba ni da jari. Yardar matan nan ita ce sana'ata.

Tsakanin garinmu da kasuwa shinge uku ne, na hukumomi uku. Ba zan kama sunansu ba, mu dai da kayan aikinsu muka san su: masu igiya, masu ganga, da masu katako mai ƙusoshi. Kafin zuwan marigayi katin, kowanne sai ya tsayar da mu, ya leƙa buhu, ya karɓi nasa, ya ba mu rasit. In ka nuna wa masu ganga rasit ɗin masu igiya, sai su dube shi kamar ka miƙa musu ganyen rama. Motar Dogo kuwa in ta mutu sai an tura ta, saboda haka a kowane shinge sai na sauko na sa kafaɗa, ni da na yi jika.

An haifi marigayi a filin makarantar firamare, ƙarƙashin rumfar haya. Ina wurin. Manya uku suka sa hannu a takarda ɗaya, suka riƙe wani ƙaton kati na kwali, kowa da kusurwarsa, aka ɗauki hoto. Aka yi mana bayani cewa daga yau kati ɗaya ne. Ka zuba masa kuɗi a wajen mai POS, ka taɓa shi a jikin na'ura a shingen farko, ita ta gaya wa sauran biyun ka biya, su kuma su raba a tsakaninsu ba ruwanka. Muka yi tafi har hannu ya yi zafi. Na dawo gida da nawa a ƙulle a bakin zane, shuɗi, mai tambari uku a jere.

Ina shaida, kuma Dogo ma shaida ne, marigayi mutumin kirki ne. Bai taɓa cewa a ba shi na ruwa ba. Bai taɓa zura hannu cikin buhun Tani, ɗaya daga cikin matan nan, ya ɗebi riɗi ya watsa a baki ba. Ba ya kirana Hajiya da safe don ya tatse ni, ya kira ni tsohuwa da yamma. Maganarsa ɗaya ce tak, gajeriya: tit. Fitila ta yi kore, igiya ta sauka, mu wuce, Dogo bai ma kashe mota ba. Har yanzu in tsuntsu ya yi irin wannan kukan a kan darbejiya sai in juya.

A shekarar da aka canja kuɗi, takardar naira ta ɓace, maza suna yini a layin banki suna dawowa hannu rabbana, shi ne ya rufa mana asiri. Wasu motocin suna jibge a shinge ana jayayya kan canji, mu mun wuce. Mukan isa kasuwa masu sayen riɗi ba su cika motocinsu ba, mu samu farashin safe. Har matan coci na can bayan rafi suka fara aiko da nasu buhunan ta hannun Tani. Man fetur ya tashi, taki ya gagari talaka, amma a gidana ana ɗora tukunya.

Ciwon ya fara ne daga wajen masu ƙusa. Suka ce rabonsu ba ya isowa daidai, masu ganga ne ke riƙe da asusu suna danne musu. Sai suka sayo tasu na'urar daga wani kamfani dabam. Ita kuwa ba ta san marigayi ba. In na taɓa shi sai ta yi ta ƙara, tit-tit-tit-tit, kamar an taka ɗan tsako, fitila ta yi ja. Ma'aikatan su karɓe shi su goga a wando, su hura masa iska, su lanƙwasa shi, sannan su ce sai dai in biya a hannu. Da masu igiya suka ga haka, su ma suka ce tasu na'urar ba sabis. Wata biyu ba sabis, amma ina ganin wayoyinsu a jere a jikin farantin solar ɗinta suna shan caji. Masu ganga kaɗai suka riƙe amana. Marigayi ya koma aiki a shinge ɗaya cikin uku, bai yi ƙorafi ba.

A nan zan faɗi nawa laifin, don ba a ɓoye gaskiya a kan mamaci. Gugar wando da lanƙwasa sun sa bakinsa ya fara ɓarewa. Tausayinsa ya kama ni. Abin da muka sani, in abu yana da daraja kuma yana tsare mutum a hanya, fata ake ɗinka masa a rataya a wuya. Sai na kai shi wajen Malam Muntaka baduku, mai ɗinka mana layu. Ya zaɓi jar fata mai laushi, ya bar taga don tambarin uku su fito. Don kada ya zame ya faɗi, sai ya bi gefensa da basilla, ya huda shi kewaye, ya haɗe da fatar. Aiki ya yi kyau, har Barira maƙwabciyata ta ce ya fi na jaririnta. Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai wata waya siririya kamar gashi da ta zagaye cikinsa. Ranar da manyan nan suka yi jawabi, awa biyu suna gode wa juna, ba wanda ya ce kada a huda.

Alhamis ta zo, na ciro shi daga wuya ina taƙama, na taɓa a na'urar masu ganga. Shiru. Ba kore, ba ja. Na sake. Ma'aikacin ya juya shi, ya bi ɗinkin da yatsa, ya dube ni.

"Inna, wa ya yi miki wannan aikin? Ai jijiyarsa aka tsinke."

Da na koma wajen Malam Muntaka, cewa ya yi shekara arba'in yana ɗinka laya, ba wadda ta taɓa daina aiki don an huda gefenta, in akwai matsala daga masu rubutun ne.

Na ɗauka sabo za a ba ni kawai. A ofishin masu ganga aka ba ni fom, aka ce sai hukumomin uku sun buga hatimi, tunda su uku suka haife shi. Suka buga nasu. Masu igiya suka ce ba sa bugawa sai kwamitin haɗin gwiwa ya zauna, kwamitin kuwa bai zauna ba tun da aka yi faɗa kan wanda tambarinsa zai zo farko a jikin sabbin katuna. Masu ƙusa suka ce su sun fita daga tsarin, don haka ba za su buga ba. Na koma na gaya wa masu ganga, suka ce ai masu ƙusa ba su fita a rubuce ba, don haka sai da hatiminsu. Sau biyar ina wannan zagaye da kuɗin motata. A zuwa na ƙarshe, wata ma'aikaciya mai suna Safara'u ta ji tausayina, ta ɗaga mayafin teburinta ta nuna mini kwali uku cike da sabbin katuna. A kansu take ɗora ƙafa. Ta ce in yi haƙuri, ko ita aka kama ta ba da ɗaya, aikinta ne zai tafi. Na fito na tofar da yawu a bakin kwata.

A makonni shidan nan mun koma gidan jiya: tsayawa uku, biya uku, turin mota uku. Sai bayan azahar muke shiga kasuwa, manyan masu saye sun tafi, sai 'yan tayin wulaƙanci. Abin da nake kawo wa mata ya ragu har ina jin kunyar miƙa musu. Shago kuwa, mai yawo gida-gida a babur da mudunsa mai faɗin baki, ya ji labari. Tani ce ta zo da kanta, ta zauna a bakin murhuna, ba ta yi kwana-kwana ba.

"Yaya Hure, mun san Shago cutarmu yake. Amma abin da yake ba mu a ƙofar gida, shi kike kawo mana bayan kin yini a rana. Ba don mun ƙi ki ba."

Ban ga laifinta ba. Ita ce ma ta ƙarshe da ta janye.

Marigayi ya bar uba uku, duk suna da rai da lafiya da motocin ofis, ba sa ga-maciji da juna. Ya bar ƙanne kwali uku da ba su taɓa ganin rana ba. Ya bar ɗan abin da na zuba masa a ciki, wanda kowane uba ya ce yana hannun ɗayan. Ya bar allon nan na bakin titi mai hoton hannaye uku a haɗe, awaki na shan inuwarsa. Ya bar Dogo da ciwon baya. Ya bar ni.

Game da jana'iza, na tambayi Liman, ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce ba a yi wa roba salla, ni ma na sani. Za a binne shi a bayan rumbuna ranar Alhamis mai zuwa da hantsi, cikin jar fatarsa, don ɗinkin Malam Muntaka ba ya kwancewa. Zaman makoki yini ɗaya ne. Ba abinci, sai ruwan randa, kowa ya san yadda gari yake. Iyayen marigayi uku ina gayyatarsu, zan shimfiɗa musu tabarma uku nesa da juna. Masu zuwa daga birni su riƙo canji, shingayen suna nan.

Na aika wa Dogo kada ya kawo mota ranar. Matan da ke da buhu a wajena, na wanke buhunan, na ninke, kowanne da tsummansa a baki. In an rufe ramin, kowace ta ɗauki nata.