Titin da Lubna Ta Buga Mana

Jiya da safe ɗan kilando ya kifar da ni da babur ɗinsa na haya cikin ramin taɓo, daidai kwanar gidanmu a unguwar Boutalbagar. Na miƙe ina zagin ramin, sai maƙwabcina Malam Falalu ya leƙo daga shagonsa.

"Alhaji, bi a hankali," ya ce. "Titi mai kwalta kake zagi. An gama shi tun watan jiya, yana cikin rahoto."

Bari ku ji yadda muka samu titi ba mu sani ba.

Lubna, 'yar ƙanena, mai zane ce. Bana ta ajiye buroshi ta koma gwajin buga hoto da kwamfuta. Takan ɗauki hoto da waya, ta ɗora wani a kansa, ta buga a kan yadi, a kan buhun siminti, har tsohon zanin uwarta bai tsira ba. Da zarar an kawo wuta sai ta ruga wajen injin buga hoton, kafin masu ita su tuna sun yi kuskure.

To, ta ɗauki hoton layinmu da damina, ta shimfiɗa masa kwalta sumul, ta jera fitilu, ta bar agwagwa guda a tsakiya tana neman ruwanta. Ta buga shi ƙato, ta sa masa suna "Alkawari", ta kai baje kolin masu zane.

Wanda ya buɗe bikin shi ne Mai Girma Uban Harsashi, babban jami'in da sau uku yana zuwa layinmu aza harsashin titi, da sabon shebur da masu ɗaukar hoto. Ya tsaya gaban aikin Lubna har idonsa ya kawo ƙwalla.

"Masha Allah! Ina ne nan?"

"Layinmu ne, ranka ya daɗe, amma..."

"Wato an gama, ba wanda ya gaya mini!"

Har agwagwar ya yaba, wai alamar zaman lafiya ce. Ina jinjina wa irin wannan ido.

Bayan sati biyu aka cire layinmu daga jerin ayyukan da za a yi. Muka je ofishin Mai Girma da taɓo har gwiwa, sakatare ya nuna mana hoton Lubna an rataye shi a bango. "Wa zan gaskata, ku ko abin da nake gani?" Ya kuma roƙe mu kada mu ɓata masa kafet.

Matan layi suka daina amsa gaisuwar Lubna. Ta zo wurina da kuka: "Baffa, ni ba'a na yi musu!" Na ce ta share hawaye, ba injiniyan da ya taɓa gama titi da sauri kamarta.

Yau na leƙa ɗakin aikinta na tarar tana dariya. Sabon hoto ne ke fitowa daga injin: Mai Girma yana miƙa makullan ofis, yana ɗaga hannu, ya yi ritaya. Malam Falalu ya ce shi zai kai wa sakatare da kansa.