Miyar Yakuwa a Kwano Biyu

Ba zan taɓa mantawa da ranar gasar girki ta makarantarmu ba, ko da na so mantawa ma matata ba za ta bari ba. Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren 'yanmata a Lokuwa, amma Allah Ya jarrabe ni da cika baki a kan abinci. Kullum a ɗakin malamai ina cewa harshena ma'auni ne, kuma ko an rufe min ido zan gane girkin matata Hadiza a cikin girki ɗari. Da wannan surutun na samu shugabancin alƙalan gasar.

A gasar bara an kwashi 'yan kallo. Tuwo ɗaya wannan alƙali ya ba shi maki tara cikin goma, wancan ya ba shi uku, yarinyar da ta tuƙa shi ta yi ta kuka, iyaye suka ce an yi son kai. Don haka bana Madam Rifkatu, malamar girki, ta kawo tsari. Ta rubuta abin da za a duba: ɗanɗano, ƙamshi, kauri, gishiri. Sannan ta ce kafin ɗalibai su hura wuta, mu alƙalai uku za mu gwada kanmu a gaban iyaye, kowa ya ga bakinmu ɗaya ne. Ni da ita da Malam Bappa na tarihi.

Na karɓi lasifika (babu wanda ya miƙo min, ni na nema) na yi wa abokan aikina nasiha cewa alƙalanci amana ne, wanda bai iya ba ya dubi yadda nake yi.

Aka kawo miyar yakuwa da gyaɗa kwano biyu. Ta farko a tangaran mai furanni, har da murfi. Ta biyu a wani tsohon kwanon silba da ya lotse, irin wanda ake ba kaji ruwa. Na ɗanɗana ta tangaran, na lumshe ido, na ba ta tara. Ta biyun kuwa tun kafin cokali ya kai bakina na riga na yanke mata hukunci. Na ba ta biyu, shi ma don tausayi.

Da na yi shiru a nan, da da sauƙi. Amma ina! Na sake jawo lasifika.

"Jama'a, miyar farko ta mai hankali ce. Ta biyun nan kuwa tsami ya yi yawa, gyaɗar ba ta nuna ba. Duk wadda ta dafa ta, ina yi wa mijinta jaje. Bawan Allah yana cikin jarrabawa."

Aka yi dariya, na ji daɗi har raina. Malam Bappa ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, har da roƙo irin na Fulani, "Malam, useni, don Allah ka yi haƙuri ka zauna." Na ɗauka hassada ce.

Madam Rifkatu ta karanta sakamako. Ita ta ba kowace miya takwas. Malam Bappa ya ba ɗaya takwas, ɗaya bakwai. Na girgiza kai ina tausaya musu, har na fara shirya wata nasihar. Sai ta juyo ta kalle ni, ta ce da irin Hausarta:

"Malam, miya ɗin nan ɗaya ne fa. Tukunya ɗaya, ni ne na raba shi a kwano biyu."

Filin gaba ɗaya ya fashe da dariya. Na ji gumi yana bin bayana. Na buɗe baki zan ce wataƙila ƙasan tukunya aka zuba a kwano na biyu, amma ba ta gama da ni ba.

"Kuma ba mu so uwar wani ɗaliba ya dafa, kar a ce son kai. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyana. Maman Amira, ki tashi a gaishe ki."

Amira sunan 'yata ne. A layin baya, kusa da inda masu keke mai ƙafa uku suke sauke mutane, Hadiza ta miƙe da kular miya a hannu. Murmushi kawai ta yi min, irin wanda na san fassararsa. Wani dattijo daga cikin iyaye ya ɗaga murya ya ce, "To Malam, Allah Ya ba ka haƙurin jarrabawa!" Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

An ci gaba da gasa, amma duk makin da zan rubuta sai na saci kallon hannun Malam Bappa. A ranar na gane cewa kafin mutum ya zargi alƙalai da rashin jituwa, gara ya fara tabbatar da ya jitu da kansa. Ni idona ke cin miya, harshe rakiya kawai yake yi.

Da na koma gida na tarar Hadiza ta aro kwanon nan lotsattse daga wurin Madam. A ciki ta zuba min abincin rana, ta zauna a gabana ta yi tagumi.

"Baban Amira, yau maki nawa?"

Na ce goma. Har yau kwanon bai koma gidan Madam ba, kuma bai taɓa samun ƙasa da goma ba.