Zoɓon Bature ya lalace

Zamanin kuɗin mai na samu aikin kuku gidan wani Bature injiniyan hanya a Faskari, ina ji da kaina wajen tsabta. Ina share kabad na ci karo da wata kwalba duk ƙura, na ɓanɓare toshiyar da wuƙa na shaƙa. Tsami da warin tsohon itace! Na ce Allah sarki gwauro, zoɓonsa ya lalace bai sani ba. Na tuttular gindin dalbejiya, na dafa sabo da citta da kanumfari, na kai masa ina jiran yabo.

Yana ganin kwalbar ya zauna dirshan. Ashe jar giyar inabi ce da ubansa ya bar masa, ta ma girme ni, wai tsufan ne daɗinta. Baba Tanko maigadi ya ce, "Ɗana, naɗe tabarmarka."

Allah ya saka wa Baturen nan. Dariya ya yi har da hawaye, ya shanye zoɓon, bai kore ni ba. Amma labari ya bazu, har yau in na shiga kasuwar Yankara sai a ce, "Ku ɓoye tsofaffinku, ga mai zubarwa nan!"