Ni da Akuya a Gaban Tuta

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kwanta a ƙofar barikin soja ba, mobilet a kan ƙafata, kunnen akuya a hannuna. Har yau in na ji an busa ƙaho sai gwiwata ta hagu ta tuna mini. Bari dai in faro daga farko, kada ku ɗauka haka kawai nake kama akuyoyin mutane.

Shekarar farin nan ce ta zamanin soja, lokacin da kogi ya janye har ana tsallaka shi da ƙafa. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Yamai, muna haya a Zongo ni da maigidana. Shi ma'aikacin biro ne, wato ofis, mutumin Damagaram, mai sanyin hali har ya so ya yi yawa. Ni kuwa daga wani ƙauye nake arewa da Maradi, can na baro Inna da ƙannena. Damina ta zo ta wuce ba su ga ko zangarniya ba. Duk wanda ya zo daga gida labari ɗaya yake kawowa: gidan wane sun rufe ƙofa sun yi kudu, gidan wance sun bi bayansu. Saƙon Inna na ƙarshe gajere ne. Ta ce in abin da ya rage a ɗaki ya ƙare, su ma za su ɗaure kaya. Innar da ba ta taɓa kwana a wani gari ba tun da aka kai ta ɗaki, ita ce za ta je ta zauna bakin titi inda ba ta san kowa ba. Na sha kuka ranar.

Ana cikin haka maigidan ya sayo mini mobilet, ɗan babur ɗin nan mai feda, tsohuwa, shuɗiya, wai in huta da tafiyar ƙasa zuwa lakwal, wato makaranta. Shi ya koya mini da kansa, a filin ƙwallon makarantarmu bayan la'asar. Yana bina a guje da wandon biro, hannunsa kan ƙarfen baya, yana haki yana cewa, "Taka feda, Madam, taka. Saki kafaɗunki, ba dambe za ki yi da ita ba." Ba a daɗe ba na iya tayar da ita, na iya zagaya fili, na iya shan kwana. Tsayawa kuwa ba a magana. In na kama birki sai ta tsaya cak, a hankali, kamar an ajiye kwano a kan tabarma. Na fara gaya wa malamai a lakwal cewa ban ga abin wuya a cikin hawan mobilet ba. (Mu malaman makaranta haka muke, in muka koyi abu da safe, da rana mun zama masu koyar da shi.) Abu ɗaya ne ban faɗa musu ba: ban taɓa fita daga wannan fili ni kaɗai ba, kuma ko tunanin titi na yi sai tsoro ya kama ni.

Bayan doguwar wahalar layi a rumbun gwamnati, Allah ya ba mu rabin buhun hatsi. A ranar kuma aka tura maigidan aiki gabas. Sai ga labari cewa wani direba ɗan yankinmu zai tashi da kamyonsa, babbar motar kaya, washegari da safe, kuma ba wanda ya san ranar da wata motar za ta sake bi ta ƙauyenmu. Ko dai hatsin ya shiga wannan mota, ko Inna ta ɗaure kaya.

Da safe maƙwabciyata Haisa, Bazabarma mai suyar ƙosai a ƙofar gida, ta same ni ina ɗaure buhun a baya da robar tsohuwar taya. Ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Madam, kai ka bari a nemo taksi mana," in ji ta. (A Hausar Haisa kowa "kai" ne, har da uwarta.) Gaskiya ta faɗa. Amma matan gidan duk sun fito suna kallo, ni kuma na riga na cika baki. Na ce, "Haba Haisa, nan da tasha?" Na gyara ɗaurin kallabi na hau.

Ban san nauyi a baya yana sa gaba ya yi sakayau ba sai ranar. Kan mobilet ya riƙa rawa a hannuna cikin lungunan Zongo. Duk jakin da na gani sai in ga kamar aiko shi aka yi ya kashe ni. Addu'a kuwa ba wadda ban karanta ba, har ta shiga bayi. Amma da na hau kwalta abin ya fara daidaita. Iska ta bugi fuskata, na saki kafaɗu kamar yadda aka koya mini, har na soma fatan Allah ya sa wani ɗan ajinmu ya gan ni ya kai labari. Ina cikin wannan jin daɗi na iso daidai ƙofar bariki, sai aka busa ƙahon ɗaga tuta.

Yaran yanzu ba su san wannan ba. A wancan zamani in aka busa ƙahon nan kana kusa, duk abin da kake yi ka bar shi. Mai tafiya ya tsaya, mai mota ya taka birki, mai keke ya sauka, mai hula ya cire. Ba motsi, ba tari, sai tuta ta kai sama. Wanda ya yi gardama kuwa yana iya wuni a durƙushe cikin rana, in ma ya yi sa'a ke nan. Kuma kada in ɓoye muku, a makarantarmu ni ce dodon tuta. Yaron da ya sosa hanci lokacin da ake ɗaga ta, ni ke jan kunnensa.

To, ƙaho ya tashi, titi ya daskare, ni kuma na damƙe birki biyu da duk ƙarfina. Mobilet ta tsaya, buhu bai yarda ba. Na ji ya rinjaya hagu a hankali, na sauke ƙafa ɗaya, na zauna ina jiran ta daidaita kamar yadda take yi kullum. Ba ta daidaita ba. Muka tafi ƙasa mu uku, ni da ita da buhun, a gaban sojojin da suka jeru sun ƙame. Wani ƙarfe ya kama gefen buhun ya farke shi, kuma ina kwance na ji sautin hatsi yana zuba cikin yashi, shuuu.

Abin da na fara yi shi ne abin da har yau yake ba ni kunya da dariya. Na ƙame. A kwance, ƙafa ɗaya ƙarƙashin mobilet, na miƙe hannuwana a gefe kamar ɗan aji ɗaya, don tuta ba ta kai ko rabi ba. Ina kallon abincin Inna yana tsiyaya, ina tsoron in motsa yatsa. Mutane cike da titi, kowa ya zuba wa tuta ido, amma na san duk da wutsiyar ido ni suke kallo.

Sai ga akuya. Wata ramammiya, ja, haƙarƙarinta duk a waje. Ita dokar soja ba ta shafe ta ba. Ta tsallako titi cikin natsuwa, ta ratsa tsakanin mutanen da suka daskare, ta sa baki cikin hatsin. Na yi mata tsawa ƙasa-ƙasa, ko kallona ba ta yi ba. Nan ne zuciyata ta ce ko za a harbe ni sai dai a harbe ni. Na fizge kallabina na cusa a ramin buhu da hannu ɗaya, na kai ɗaya hannun na cafke kunnen akuya. Ta ɓare baki. Ban taɓa jin akuya mai murya irin tata ba, har ta danne ƙahon. Mai busa ya ɗan sarƙe, ya ci gaba. Haka tutar ƙasa ta hau sama ranar, da rakiyar kukan akuya, da malamar makaranta kwance ba kallabi, da kitson da ya kamata a ce an tsefe shi tun tuni.

Ƙaho ya yi shiru. Na ji takun manyan takalma suna nufo ni. Wani sarja ne dogo, mai zane a kumatu. Ya tsaya a kaina, ni kuma na fara tunanin wa zai gaya wa maigidan inda aka kai ni.

"Saki akuyar ga," in ji shi.

Na sake ta. Ya ɗaga mobilet daga ƙafata da hannu ɗaya. Ya dubi hatsin da ke cikin yashi, ya daɗe yana dubawa.

"Ina za a kai shi?"

Na faɗi sunan ƙauyenmu, na ce na Innata ne, mota na tasha tana shirin tashi. Hawaye na bin kunnena.

"Tsohuwata na Adar," ya ce, a hankali. "Bana ko irin da sunka shibka ba su maida ba." Sai ya juya ya kira sojoji biyu da ihun da ya sa na zabura. Na ɗauka kama ni za su yi. Ashe durƙusawa za su yi su kwashe hatsi da hulunansu.

Matan da ke sayar da abinci a bakin bariki suka taho da faifai da tsintsiya. Nan take aka buɗe sheƙa a gefen titi. Wani tsoho mai yagaggiyar riga, wanda kana ganinsa ka san fari ne ya koro shi birni, ya tsuguna yana tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya daga tsagar kwalta. Da ya tara cikin tafinsa sai ya kamo hannuna ya juye mini duka, bai rage ko ɗaya ba. Wata dattijuwa ta kakkaɓe kallabina ta ɗaura mini da kanta, tana cewa, "Kala suuru, ɗiyata, sai haƙuri." Da ta matso kusa da kunnena ta ƙara da cewa, "Amma kan nan naki yana son kitso." Sarja kuwa ya zare igiyar takalminsa ya ɗaure bakin yagar.

Da aka mayar da buhu aka ɗaure, na kama kan mobilet na ce, "Sarja, na gode. Tura ta zan yi har tasha."

"Mota ba ta jiran mai turi. Hau."

Na hau, don a lokacin ba a yi wa sarja musu. Ya kama ƙarfen baya. Ina jin nauyin hannunsa sai wani abu ya faɗo mini a rai: wannan nauyin na san shi. Shi nake ji duk lokacin da na kama birki a filin ƙwallo. Na taka feda, inji ya kama, sarja ya bi ni 'yan taku da takalmi ɗaya a kwance, sannan na ji baya ya yi sakat. Abin mamaki, tsoron ya tafi. Mene ne kuma ya rage? Faɗuwar da nake gudu na riga na yi ta, a gaban soja, a gaban tuta, kuma ga ni da raina. Da na hango tasha na rage gudu tun daga nesa, na sauke ƙafafu biyu ina jan su kamar agwagwa, na tsaya. Ba kyan gani, amma ni na tsaya da kaina. Kamyon na nan, ana ɗaure tamfol.

Da maigidan ya dawo na bari ya ci abinci tukuna. Sannan na ce, "Sau nawa kake riƙe mini baya in zan tsaya?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali. "Kullum," in ji shi. Na ce don me bai gaya mini ba. Ya ce, "Ba zan iya ganin kin faɗi ba, Madam." Na so in yi fushi, wallahi na so, har na ɗaure fuska. Amma ya durƙusa yana duba ƙujewar gwiwata da irin fuskar da za ka ce shi ya ji ciwon, sai fushin ya ƙi zama.

Bayan wani lokaci direban ya dawo Yamai, ya biyo ta gida da saƙon baka. Inna ba ta tashi ba. Hatsin ya riƙe su, suna haɗawa da ganye, har taimako ya iso yankin. "Ta ce Allah shi yi miki albarka," in ji direban, yana ƙoƙarin danne dariya. "Ta ce kuma in tambaye ki, ku mutanen Yamai da yashi kuke dama hura? Wai duk ta kurɓa sai haƙorinta ya gamu da garinku." Ya ce ta hana ƙannena su yi ƙorafi. Duk wanda ya tauna tsakuwa sai ta ce masa ya haɗiye, daga hannun yayarsa ta fito.

Ban taɓa gaya mata yadda yashin ya shiga ba, har ta koma ga Allah a ɗakinta, a ƙauyenta. Ni kuma tun daga ranar ban sake jan kunnen yaro don ya motsa a gaban tuta ba, domin na san nauyin kunne a hannu. Kuma in za ki koyi hawan mobilet, ki nemi wanda bai damu da ke sosai ba ya koya miki. Mai ƙaunarki ba zai bari ki faɗi a fili ba, sai ki je ki faɗi a ƙofar bariki.