Goyon Harisu a Talabijin

"Lafiya ƙalau, Laraba. Ya mutanen Sandamu? Ya ɗalibai?"

"Duk lafiya lau. Ya goyo?"

Harisu ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara sunkuyar da kai kan wayar da yake kwancewa. Kwana huɗu ke nan yana fakewa a shagonsa na gyaran waya da ke bakin kasuwar Daura, ya sulale da sassafe, ya dawo ta ƙofar baya, don kada ya haɗa ido da mahaifiyarsa. Ga shi yau Allah ya jefo masa wadda ya fi tsoro a duk dangi: Laraba, 'yar ƙanwar babansa, taubashiyarsa, malamar kwamfuta a wata sakandare.

Shi ya jawo wa kansa. Wata tsohuwar kwamfuta ya mayar rumbun gida, ya zuba bidiyon biki da suna da karatun tafsiri na dangi, yadda kowa zai kalla a talabijin ɗin falo ko a wayarsa. Ranar Juma'a ya tara mutane zai nuna gwaninta, har da surukinsa Malam Sha'aban. Ana gama tafsiri na'ura ta wuce bidiyo na gaba da kanta. Sai ga Harisu ya cika talabijin, ɗaure da zanin matarsa, goye da 'yarsa ta fari, yana rawa yana kiran sunanta na yanka. Yarinyar kuwa sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa kowa ke ce mata Ummi. Matar tasa Raihana ce ta ɗauke shi a ɓoye, shi kuma ya juye wayarta cikin rumbun bai duba ba. Tun ranar ya cire kwamfutar ya cusa ta ƙarƙashin teburin shago.

Laraba ta ja benci ta zauna ba a ce mata bismillah ba.

"Da kai nake, uwar Ummi. An ce har juyi ka yi."

"Wa ya ce? Ke da ba kya wurin."

"Ina buƙatar zuwa? Labarin ya riga ni hawa mashin. A tasha na ji an ce Malam Sha'aban ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa."

Harisu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, domin haka ɗin aka yi. Amma ɗan namiji ba ya faɗuwa a gaban 'yar mace da wuri, sai ya gyara zama.

"Ke baiwa, iya bakinki a gaban ubangidanki. Ba laifina ba ne, laifin manhaja ne. Yau ɗin nan zan goge ta in sa wata."

"Ikon Allah! An bar jaki ana dukan taiki. Wacce ka sa ma tukuna, bayan sati uku kana hana mu sakat da dogon turanci?"

"Jellyfin."

"To me ya raba ka da Plex? Ba ita ka fara yabo ba, kana cewa ko akuyar gidanku za ta iya sarrafa ta?"

"Plex tana da sauƙi, ban musa ba. Ka sa ta yanzu, ta jera maka komai tsaf. Amma sai ka yi rajista da kamfaninsu, wasu abubuwan kuma sai ka biya. Ni da kayana, a gidana, in je neman izini wurin wani?"

"Ka ce dai rowa ce. Ku 'ya'yan maza haka kuke, ko gishiri sai kun ƙirga. Emby fa?"

"Emby tsaka-tsaki ce. Rabi kyauta, rabi a saya. Kamar tuwonki, sama ya nuna, ƙasa gari."

"Tuwona da ka cinye kwano biyu ranar sunan Ummi har kana neman ƙanzo? Ni dai tun farko na ce maka ka sa Kodi a talabijin ɗin ka huta. Na'ura ɗaya, rimot ɗaya, ba ruwanka da wayar kowa."

"Kodi ta masu ɗaki ɗaya ce irinku. Ni gida guda nake ciyarwa. Yaya Hussaini yana Katsina yana son kallon bikin ƙanwarsa, Hajiya tana son tafsiri a ɗakinta. Jellyfin kyauta ce, ba rajistar kowa, ko data ta ƙare tana aiki a cikin gida muddin sola ta kawo."

"Ai kuwa ta yi aiki! Wa zai ce ba ta yi aiki ba? Hoto tar, murya garau. An ce har na bayan ƙofa sun ji kana rera 'Maimuna, Maimunatu'."

"Laraba, don girman Allah rage murya. Maƙwabta."

Ya leƙa waje ya dawo. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ba rawar ce ta fi cin ransa ba, ba kuma zanin ba. Sunan ne. Shekara talatin da huɗu bai taɓa furta sunan mahaifiyarsa ba, ko a asibiti rubutawa yake ya miƙa. Sai ga shi ya rera shi da waƙa, a gabanta, a gaban suruki, ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuska ta tashi ta shige ɗaki.

Laraba ta miƙa ƙafa ta taɓa kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur.

"Baiwar Allah, an ɗaure ki ba ki ci ba ba ki sha ba. Harisu, tsakaninka da Allah, wannan Jellyfin ɗin ba ta da wurin da ake ware wa kowa ɗakinsa? Na manya daban, na yara daban, na mai gida da matarsa da kwaɗo?"

Harisu ya mayar da ido kan wayar da yake gyarawa.

"Da kai nake, injiniya."

"Tana da shi."

"Plex fa?"

"Tana da shi."

"Emby?"

"Ita ma."

"To kai me ka yi?"

"Na nuna mata rumbun gaba ɗaya na ce ta kwaso. Suna ɗaya na buɗe wa kowa. Na ce ai duk gida ɗaya ne."

"Gida ɗaya! Ko a gidan naku turakarka a zaure take? Sati uku kana auna ƙofofi, wannan ta fi kyau, waccan ta fi arha, ka tashi ka kafa ƙofa ka manta sakata. Ko ɗalibaina 'yan aji ɗaya ba su yi wannan ba. Laifi tudu ne, ka take naka kana hango na manhaja."

"Naki wasa ne. Ni yanzu da wane ido zan kalli Hajiya? Na yi tunanin in tafi Kano wurin wani abokina in yi wata guda."

"Wata guda? Ai goyo ba ya son tafiya, yarinya za ta yi kewar nono."

"Allah ya isa tsakanina da ke."

"Bai isa ba sai na sauke saƙo. Ka zata don kyan fuskarka na baro Sandamu? Daga gidanku nake. Inna, mahaifiyarka, ce ta aiko ni."

Sukudireba ta suɓuce daga hannun Harisu. Ya sunkuya ya ɗauke ta. Laraba ta ɗauki lokacinta, ta gyara ɗankwali, ta buɗe jaka a hankali kamar mai ciro kayan lefe, ta ajiye wani ƙullin leda a kan tebur.

"Ta ce in tambaye ka wa ya ba ka izinin kwashe mata tafsiri. Ta ce ka mayar da na'urarka yau ɗin nan. Kuma wancan na rawar, kada ka kuskura ka goge. Ka ware mata shi a nata ɗakin, ita kaɗai."

"Ƙarya kike."

"Ka taɓa jin na yi wa Inna ƙarya? Kai nake yi wa. Ka san abin da ya tashe ta ranar? Ba fushi ba ne. Ta ce lokacin kana jariri ta taɓa dawowa daga ɗebo ruwa ta tarar da marigayi Kawu, babanka, ya goya ka da rawaninsa yana zagaya ɗaki. Ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, ta riƙe har ya koma ga Allah. Ta ce juyin da ka yi, sak nasa. Kuka ne ya zo mata, ba ta so a gani a gaban suruki."

Harisu ya daɗe yana kallon ledar. Idonsa ya kawo ruwa, kunyar ta sake rufe shi, amma ba irin ta ɗazu ba. Ya kwance ƙullin. Majanyi ne, tsohon saƙi, fari ya koma ruwan ƙasa don wanki.

"Da shi aka goya ka," in ji Laraba. "Ta ce ɗaurin da ka yi bai yi ba, yarinya za ta zame. Ka zo da la'asar ta koya maka."

Dariya ta ƙwace masa, ya goge ido da bayan hannu.

"Na sallama, uwar ɗakina. Taso ki nuna min inda ake sa sakatar."

"Sai ka saya min fura. Kuma ni ma a buɗe min ɗaki."

"Ke kam ko taga ba za ki samu ba."

Ya sunkuya ya jawo kwamfutar, ya ɗauki majanyin ya naɗe ya sa a aljihun gaba.