Yawon Kwale-kwale a Kan Yashi

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a tsakiyar kogin Katagum ba, da babbar rigata da hulata, rungume da filafilin tuƙa kwale-kwale, ƙafata kuwa ko laima ba ta taɓa ba.

Aikin kula da lafiyar dabbobi ya zagaya da ni ƙasashe da dama kafin in yi ritaya in dawo gida Azare. A yawon nan na lura kowace ƙasa tana da abin da take jan baƙo ya gani. A Masar sai an ɗora ka a raƙumi a gindin dala. A Maroko majema za a kai ka, a miƙa maka ganyen na'ana'a ka toshe hanci, kana kallon aikin da mu nan muke sauya hanya saboda warinsa. A Mali kuwa kogi ne abin nunawa.

Can a Mopti na yi aboki, Malam Hammadi, Bafulatani, abokin aikina. Da Fillanci muke hira, in ta cije mu koma Faransanci. Wata la'asar ya ɗauke ni a kwale-kwale mai rumfa zuwa inda kogunansu biyu suka haɗu. Ana dafa shayi a cikin jirgin, masunta suna jefa raga, ruwa iya ganinka. Ina cikin sha'awar wurin sai ya ce, "To ku a garinku me kuke nuna wa baƙo?"

Da na ce kasuwa, da an wuce wurin. Amma kishin gida ya motsa, na ce, "Ai mu ma muna da kogi irin wannan a Katagum."

Ba ƙarya ce zalla ba. Ina yaro a can nake hutun damina wurin kakata, kuma na ga kogin ya cika ya batse, masu fito suna ƙetarar da mutane da awaki. Abin da ban faɗa ba shi ne ruwan baƙo ne, yana zuwa yana tafiya. Kuma da yake Hammadi yana son labarin, duk haɗuwarmu sai kogin ya ƙara faɗi a bakina. Kifi ya ƙara girma. Daga baya har dorina ta shigo ciki (a wajen kakata na ji labarinta, ita ma ban tabbata ta ganta ba).

Shekaru suka wuce, auren autata ya tashi, na kira shi na sanar da shi don zumunci. Ban zaci zai zo ba. Ya ce yana nan tafe. Bikin kuwa a tsakiyar bazara aka sa shi, lokacin da ko kaza sai ta buɗe baki take numfashi.

Na je Kano na tarbe shi a tasha. Ya sauko da jaka ɗaya da wani dogon abu naɗe a zane. Bayan mun gaisa ya warware shi: filafili ne, an sassaƙa shi da kyau an yi masa ado.

"Na kawo wa babban mai fiton Katagum," in ji shi. "Amma sai ni da kai mun fara tuƙi da shi. Na gaya wa iyalina zan je in ga kogin abokina, mutumin da ba ya ƙari a magana."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta ɗaure mini baki. A shekaruna ba ni da gona mai yawa, ba ni da sarauta. Abin da nake taƙama da shi ke nan, a ce in na faɗi magana haka take. Na ce, "Allah ya kai mu," na ɗaura filafilin a saman mota.

Wanda ya san hanyar Kano zuwa Azare ya san sai an bi ta gadar Jama'are, kuma kogin da ke ƙarƙashinta shi ne dai wanda ya gangara Katagum. Da na hango gadar sai na juya na ce masa, "Ka san kuwa shayinku na Mali sukari ne kawai da kumfa?" Ya juyo gaba ɗaya yana kare shayin ƙasarsu, ni kuma na taka mota. Muka wuce. Na yi hamdala a zuci, har ina yaba wa kaina dabara.

Daga nan na zama ɗan jagora na gaske. Ranar kasuwa na kai shi kara, inda ake cinikin shanu, ya wuni yana duba haƙora yana hira da 'yan'uwansa Fulani. Na kai shi wurin masu kilishi. Na sa shi a keke napep muka zaga gari, na tsaya da shi wurin masu ɗinkin hula, na sa aka dama masa fura da nono mai kyau. Komai ya gani sai ya yaba, sannan ya ce, "Madalla. Kogin fa?"

Hajiya, maiɗakina, tana cikin hidimar biki amma tana lura da ni. Ta same ni a tsakar gida ta ce, "Alhaji, ka faɗa wa bawan Allahn nan gaskiya mana. Ko bokiti zan ba ka ka je ka cika masa kogin?"

Na ce, "Akwai wani gurbi kusa da tsamiya wanda ba ya ƙafewa."

Ta ce, "Yaushe rabonka da shi?"

Rabona da shi kuwa tun ban fara aske gemu ba. Amma a kansa na rataya duk fatana. Na ce a raina ko ruwan ya kai gwiwa ne, in dai akwai kwale-kwale a ɗaure a gefe, zan ce bana ne aka yi rashin sa'a.

Ana jibi ɗaurin aure muka kama hanyar Katagum. Muka sauka gidan Malam Buba, ɗan kawuna, taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa raga mini ba. Na nuna wa Hammadi tsohon gari, na yi masa dogon bayanin yadda sarauta ta fara a nan kafin ta koma Azare, ina ta jan zance. Buba dai idonsa na kan abin da ke saman mota.

"Wannan kuma na mene ne?"

Na ce, "Kogi za mu leƙa."

Ya dube ni, ya dubi filafilin, ya ce, "To bari in sa takalmi. Wannan ba a ba ni labari."

Da muka kusa gaɓa sai Hammadi ya miƙo mini filafilin in riƙe masa, ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, kada ya jiƙe. Muka hau tudun muka leƙa.

Yashi. Fari fat, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Can tifa tana lodi, ga amalanken shanu yana tafe a tsakiya kamar kan titi. Na ce mu ƙarasa wajen tsamiya. Muka gangara, yashin yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Tsamiyar tana nan. Gurbin da na dogara da shi kuwa wani ya shuka albasa a ciki, injin ban-ruwa yana ta ƙara a gefe.

Masu aiki suka ɗago suna kallon dattawa biyu, ɗaya da wando a naɗe, ɗaya da filafili. Mai amalanken ya tsayar da shanunsa.

"Sannunku Baba. Jirgin ne ya ɓace muku, ko ruwan kuke cigiya?"

Wani daga cikin albasa ya ce, "Ku hau amalanke ya fitar da ku, shanunsa sun iya iyo!"

Dariya ta tashi. Hammadi ba ya jin Hausa sosai, ya tambaye ni me suka ce. Na ce, "Maraba suke yi maka." Na manta a inda nake. A ƙasarmu Fillanci ba abin ɓuya ba ne. Buba ya matso ya juya harshe, ya fassara masa komai tiryan-tiryan, har da na shanun. Ya ƙara da cewa ruwa sai damina.

Hammadi ya ce, "Dorinar fa?"

Buba ya ce, "A littafin firamare na ganta, shafi ɗaya da wanda Alhaji ya gani."

Na taɓa yin jawabi a taro da Larabcin da bai nuna ba, na taɓa faɗuwa daga kan raƙumi a gaban Turawa, amma ban taɓa jin gumi irin na ranar ba. Ga filafili a hannu, ba dama in ajiye, ba dama in ɓoye shi a riga. Na dubi abokina na ce, "Malam Hammadi, na yi ƙari."

Ya sauke ƙafar wandonsa a hankali, sannan ya ce, "Tun a gada na gani. Mutumin da ya sha shayina shekara da shekaru bai taɓa kushe shi ba, sai a kan gada? Jira nake in ji daga bakinka." Ya ƙara da cewa, "Namu ma yana janyewa da bazara. Ka zaci a banza na kai ka bayan damina?"

Daga nan ya rabu da ni ya shiga cikin manoman. Buba ya tona yashi da hannu, ruwa mai sanyi ya tsattsafo, Hammadi ya durƙusa ya wanke fuska. Aka fasa mana kankanar da aka tsinko a wurin. Ya yi ta tambayar yadda ake kafa bututu a cikin yashi a jawo ruwa, yana ɗaukar hoto da wayarsa. A hanyar dawowa ya ce duk abin da na nuna masa babu wanda ya kai wannan, kogin da ake noma a cikinsa. Abin da na yi kwanaki ina ɓoyewa ke nan.

Filafilin bai kai ga mai fito ba, don mai fiton ya tafi cin rani. Ranar walima muciyar masu tuwo ta karye, Hajiya ta aiko a tambayi baƙo ko zai ba da aro. Ya ce a ɗauka, ai dama don tuƙi aka yi shi. Da shi aka tuƙa tuwon bikin 'yata, kuma har yau in na je Katagum, Buba tun daga nesa yake kirana Sarkin Ruwa.

Yanzu duk wanda ya tambaye ni me ake gani a ƙasarmu, ba na fara lissafi. Sai na tambaye shi a wane wata zai zo.