Wayar Kuloci Ranar Arba'in ɗin Yaya

Ranar arba'in ɗin Yaya Isufu, Allah ya jiƙansa, ni aka ɗora wa kai Inna da geron sadaka ƙauyen Bambeye. Shekarar fari ce, da ƙyar muka haɗa buhu guda. Motarsa na nan Tawa inda ya bar ta, wayar kuloci a tsinke. Na sha ganinsa yana canja ta, don haka na ce ba sai an kira bakanike ba.

Na sa sabuwa, na ɗaure ta tamau. Shi yakan bar mata sako-sako kamar faɗin yatsa, ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka sakaci ne.

Muna shiga yashi injin ya kama ruri, mota ta ƙi gaba, sai ƙaurin kuloci ke tashi, ashe ɗaurin tamau ɗin ne ya ƙone shi. Inna ta ce, "Ɗan nan, mi kake dahwawa?"

Amalanken jaki ya ƙarasa da mu, mun tarar malamai sun shafa fatiha sun watse.

Har yau taubashina Hamidu, ko zariyar wando ya ga ina ɗaurewa, sai ya ce, "Injiniya, bar mata yatsa guda."